Banc d'Arguin: Gaɓar tekun Muritaniya da tsuntsayen Rasha ke zuwa ci-rani

A watan Fabrairu, lokacin da sanyin hunturu ya fara ja da baya a Kano da Damagaram, rana kan faɗi da misalin ƙarfe 7 na yamma a gaɓar tekun Muritaniya. Wato bayan an idar da sallar Magariba a Kano da kusan awa ɗaya da rabi, can a bakin tekun Atlantika jama'a ba su gama alwala ba.

A wani yanki na wannan gaɓa da ake kira Banc d'Arguin, faɗuwar rana kan zo da wani abin kallo da ke janyo masana da masu yawon buɗe ido daga ƙasashe masu nisa. Idan cikowar teku ta dace da almuru, ruwa kan kori dubban tsuntsaye daga filayen lakar da suka wuni suna kiwo. Sai su tashi gaba ɗaya, su riƙa juyawa a sama kamar hayaƙi, su yi duhu idan sun ba da baya, su yi fari fat idan sun juyo da ciki, kafin su sauka a kan 'yan tsibirai da tuddan yashi su jira ruwa ya janye.

Galibin waɗannan tsuntsaye baƙi ne. An ƙyanƙyashe su a arewacin Rasha da Girinlan da arewacin Turai, sun zo ci-rani ne kawai. A Fabrairu da farkon Maris suna nan da yawa a wurin, kuma lokacin ne suke fara haɗa guzurin komawa gida. Sai dai binciken masana ya nuna cewa yawansu na raguwa, kuma wasu daga cikin dalilan suna faruwa ne dubban kilomita nesa da Muritaniya.

Inda hamada ta haɗu da teku

Banc d'Arguin, wanda ake furtawa kamar "Ban Dargin", yana tsakanin Nuwakshot babban birnin ƙasar da Nuwadibu, birnin kasuwanci da kamun kifi da ke arewa. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 12,000, kusan rabi tudu rabi ruwa, kuma ya ɗauki kimanin kashi ɗaya cikin uku na gaɓar tekun ƙasar.

A 1976 ne gwamnatin Shugaba Moktar Ould Daddah ta mayar da shi gandun daji na ƙasa, bayan ƙoƙarin da masanin halittun nan ɗan Faransa Théodore Monod ya yi na jawo hankali kan muhimmancinsa. A 1982 aka saka shi cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, sannan a 1989 hukumar UNESCO ta ayyana shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Wanda ya taho ta tudu ba zai zaci akwai rai a gaba ba. Rairayin Sahara ne ke gangarowa kai tsaye cikin teku, babu kogi, babu gona, ruwan saman da ake samu a shekara ɗan ƙanƙani ne. Arzikin wurin duk a cikin ruwa yake.

Tekun a nan ba shi da zurfi. Ana iya yin tafiyar kilomita da yawa daga gaɓa ruwan bai wuce 'yan mitoci ba. Idan ya janye, kusan murabba'in kilomita 500 na laka kan bayyana, mafi yawansa lulluɓe da ciyawar teku. A cikin wannan laka ne tsutsotsi da ƙaguwa da ƙananan halittu masu ɓawo irin na dodon koɗi ke zaune, kuma su ne abincin tsuntsayen.

Daga wajen gandun kuma, musamman daura da Nuwadibu, iskar da ke kaɗawa daga arewa maso gabas tana ture ruwan saman teku, sai ruwa mai sanyi ya taso daga ƙasa ɗauke da sinadaran da ke ciyar da ƙananan halittu. Wannan ne ya sa tekun Muritaniya ke cikin mafiya yawan kifi a duniya. Banc d'Arguin kuwa shi ne wurin da kifaye da dama ke renon 'ya'yansu kafin su fita babban teku.

Me ya sa sai da yamma?

Tsuntsayen bakin ruwa ba da agogo suke aiki ba, da teku suke aiki. Sau biyu a rana ruwa ke cikowa, sau biyu yana janyewa, kuma kullum lokacin kan matsa gaba da kusan minti 50. Jan da wata ke yi wa ruwan teku ne ke haddasa hakan, rana kuma tana taimakawa.

Saboda haka mai lissafin watan Musulunci ya riga ya san wani abu game da teku. A farkon wata da tsakiyarsa, lokacin da rana da wata da duniya suka yi layi ɗaya, cikowar ta fi ƙarfi, janyewar ma ta fi nisa. A irin waɗannan kwanaki wuraren da tsuntsaye za su iya tsayawa kan ragu sosai, sai su cunkushe a 'yan wurare kaɗan.

Idan ruwa ya janye, tsuntsayen kan bazu a faɗin laka, mai kallo ba ya ganin komai sai ɗige-ɗige can nesa. Ruwa na fara dawowa sai ya riƙa koro su zuwa gaɓa sannu a hankali. Ranar da cikar ruwa ta dace da faɗuwar rana, wadda kan zagayo kusan duk bayan mako biyu, ita ce ranar da masu kallo suka fi so, domin hasken yana ƙasa-ƙasa, zafi ya sauka, tsuntsayen kuma suna kusa.

Juye-juyen da suke yi a sama ba wasa ba ne. Akwai shahuna da ke farautar su a daidai wannan lokaci, kuma tashi a dunƙule yana rikita maharbi, ya kasa ware guda ɗaya.

Launin sararin kuwa ya danganta da ƙura. Idan rana ta yi ƙasa, haskenta kan ratsa iska mai kauri kafin ya iso ido. Iskar kan watsar da shuɗin haske, ta bar ja da ruwan goro, shi ya sa ake ganin jan shafaƙi. Amma ranar da iska ta taso daga cikin Sahara da ƙura mai yawa, rana kan zama kamar farin faifai, ta ɓace a cikin hazo tun ba ta kai ruwa ba. Duk wanda ya yi hunturu a Katsina ko Maraɗi ya san irin wannan rana.

A ranar da sama ta yi wasai akwai wani abin lura. Lokacin da ido ke ganin gindin rana ya taɓa ruwa, a zahiri ta riga ta nutse. Iska ce ke lanƙwasa haskenta ta ɗago hotonta sama. Wani lokaci ma, a daƙiƙar ƙarshe, akan ga ɗan walƙiyar kore a inda ta ɓace.

Su wa ke zuwa?

Wata tawagar masana daga ƙasar Holan da ta yi ƙidaya a 1980 ta samu tsuntsayen bakin ruwa fiye da miliyan biyu a Banc d'Arguin. Wannan ya sa aka san wurin a matsayin ɗaya daga cikin manyan matattarar irin waɗannan tsuntsaye a duniya.

Akwai masu gajeren baki da ke tsintar abinci a saman laka, akwai masu dogon baki da ke zura shi ciki, akwai masu lanƙwasasshen baki da ke zaƙulo ƙaguwa daga rami. Bambancin tsawon baki ne ke sa kowa ya samu nasa rabon a fili ɗaya.

Ban da baƙi, akwai 'yan gida da ke ƙwai a tsibiran wurin: kwasakwasa, da filamingo masu ruwan hoda da dogon wuya, da wani jinsin zalɓe mai haske, da wani tsuntsu fari mai baki kamar cokali. Jinsunan zalɓen da mai bakin cokalin na nan sun bambanta da 'yan uwansu na Turai, har masana suka ba su suna na daban. A lokacin sanyi masu bakin cokali da aka haifa a Holan kan zo su gauraya da na gida, kuma ana gane wasunsu da zobba masu launi da masu bincike suka saka musu a ƙafa. Suna cikin waɗanda ke fara kama hanyar arewa tun daga ƙarshen sanyi.

A cikin ruwa akwai dolfin, akwai kunkurun teku masu cin ciyawa. Na'urorin bin sawu sun nuna cewa wasu kunkurun da ke ƙwai a tsibiran Bijagos na ƙasar Gini Bisau kan yi iyo har zuwa nan domin kiwo. A tudu kuma akwai dila da ke yawo bakin ruwa da almuru, sannan a Tidra, tsibiri mafi girma a gandun, akwai sauran barewa.

Can arewa, a yankin Ras Nuwadibu da Turawa ke kira Cap Blanc, akwai wata dabbar teku mai shayarwa da ake kira sil, daga wani jinsi da ke cikin mafiya ƙaranci a duniya. Garke mafi girma da ya rage na wannan jinsi yana zaune ne a kogunan duwatsun wannan gaɓa. A 1997 wata annoba ta kashe kusan kashi biyu cikin uku na garken cikin 'yan watanni. Bayan shekaru ana gadi da hana saka raga kusa da kogunan, yawansu ya sake haura 300.

Tafiyar 'yar ƙaramar tsuntsuwa

Domin a fahimci abin da ke cikin haɗari, ya isa a bi tsuntsuwa guda ɗaya. Masana kimiyya na kiran ta Calidris canutus, bari mu taƙaita mu ce kanutus. Girmanta bai kai na kurciya ba, nauyinta kuma bai cika wuce giram 130 ba a lokacin sanyi.

Kanutus ɗin da ke Muritaniya tana ƙwai ne a yankin Taimir da ke can ƙuryar arewacin Saiberiya. Abincinta a Afirka shi ne halittu masu ɓawo, kuma takan haɗiye su ɗungurungum, ƙundunta ya niƙe ɓawon.

Daga ƙarshen sanyi takan shiga ci ba ji ba gani, tana tara kitse har nauyinta ya ƙaru da kusan rabi ko fiye. Gashinta mai ruwan toka kan fara rikiɗewa zuwa ja irin na tubali. A ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu sai ta tashi, kuma masu bincike sun lura cewa garkunan sun fi tashi ne da la'asar sakaliya zuwa almuru, suna ta kuka kafin su ɗaga.

Zangonta na farko shi ne tekun Wadden, wata gaɓa mai laka da ta ratsa Holan da Jamus da Denmak, tafiyar fiye da kilomita 4,000. Da yawansu kan yi ta a tashi ɗaya, kwana da kwanaki ba ci ba sha. Idan iska ta yi musu gardama, wasu kan yada zango na gaggawa a gaɓar yammacin Faransa. A Wadden sukan yi 'yan makonni su sake tara kitse, sannan su ƙara wata tafiyar mai tsawo kamar ta farko zuwa Saiberiya, inda za su isa daidai lokacin da dusar ƙanƙara ke narkewa.

Saboda wannan dangantaka ne hukumomin tekun Wadden da na Banc d'Arguin suka rattaba hannu kan yarjejeniyar aiki tare a 2014. Dukkansu sun gane cewa tsuntsaye ɗaya suke kiwo, kowa da watanninsa.

Abin da ke faruwa a Saiberiya, ana biyan sa a Muritaniya

A 2016 mujallar Science ta wallafa wani bincike da masani Jan van Gils na cibiyar binciken teku ta Holan ya jagoranta. Binciken ya gano cewa cikin shekara 33, narkewar dusar ƙanƙara a inda kanutus ke ƙwai ta riƙa matsowa da wuri, kusan rabin yini a kowace shekara, har ta kai sama da mako biyu.

Ga yadda hakan ke cutar da ita. Ƙwarin da 'yan tsakinta ke ci suna fitowa ne bayan narkewar ƙanƙara. Idan ƙanƙarar ta narke da wuri, ƙwarin kan yi yawa su ragu kafin 'yan tsakin su ƙyanƙyashe. Ɗan tsakon da bai ƙoshi ba yakan tashi da ƙaramin jiki da gajeren baki.

Illar ba ta bayyana sosai sai ya iso Muritaniya. Bakin kanutus bai wuce santimita uku zuwa huɗu ba, kuma abincinta mafi yawa a Banc d'Arguin yana binne ne daidai iyakar inda dogon baki ke kaiwa. Mai gajeren baki ba ya iso shi, sai ya koma cin saiwar ciyawar teku, wadda ba ta da amfani sosai a jiki. Binciken ya nuna cewa irin waɗannan 'yan tsaki sun fi mutuwa kafin su cika shekara.

Wani nazarin da ya kwatanta ƙidayoyin da aka yi daga 1980 zuwa 2017 ya nuna cewa jimillar tsuntsayen ruwa a gandun ta ragu, kuma kanutus na cikin waɗanda suka fi raguwa. Wannan na faruwa ne a wurin da doka ke karewa tun 1976.

Masuntan Imragen

Banc d'Arguin ba kango ba ne. Akwai wata al'umma ta masunta da ake kira Imragen, Musulmi masu magana da Larabcin Hassaniyya, waɗanda ba su wuce dubu ɗaya da 'yan ɗaruruwa ba. Suna zaune a ƙauyukan da ba su kai goma ba, irin su Iwik da Mamghar da Teichott da R'Gueiba. Ruwan sha ma sai an kawo da tanka ko an tace na teku.

An san su da wata tsohuwar dabara ta kamun kifin da ake kira mulet, wanda ke wucewa garke-garke kusa da gaɓa daga ƙarshen shekara zuwa farkon wata shekarar. Mutum ɗaya kan hau tudu yana duba canjin launin ruwa. Idan ya hango garke, sai maza su shiga ruwa da ƙafa, raga a kafaɗa, su yi masa zobe. A da sukan bugi ruwa da sanda, dolfin su ji ƙarar su taho, su koro kifin zuwa gaɓa, kowa ya samu nasa. Wannan al'ada ta ja baya ƙwarai a yanzu.

Mata ne ke sarrafa kifin. Sukan shanya naman, su tafasa kawunan su fitar da mai, su kuma gishirta ƙwan su busar da shi. Busasshen ƙwan mulet kaya ne mai tsada a kasuwannin ƙasashen tekun Bahar Rum.

Dokar gandun ta ba Imragen kaɗai izinin kamun kifi a ciki, kuma da sharaɗi: ba a amfani da inji. Jiragensu na katako ne masu yadi da iska ke turawa, samfurin da suka gada daga masuntan tsibiran Kanari, kuma an ƙayyade yawansu, bai wuce ɗari da 'yan kai ba. Dawowar waɗannan jirage da yamma, yadinsu a buɗe rana na bayansu, tana cikin hotunan da aka fi sanin wurin da su.

Sai dai zaman bai rasa taƙaddama ba. Daga shekarun 1980 'yan kasuwa suka fara sayen fukafukan kifin shak domin kasuwannin Asiya, masunta da dama suka koma kamun shak da danginsa saboda ya fi kawo kuɗi. Waɗannan kifaye ba sa haihuwa da yawa, don haka suka yi saurin raguwa. A 2003 aka cimma yarjejeniyar daina amfani da ragar da ake kama su da ita, amma har yanzu ana ci gaba da kawo su gaɓa. Ga masunci mai iyali da bashi a wuya, dokar da ta hana shi inji kuma ta hana shi kifi mafi tsada ba ƙaramin nauyi ba ce.

Tarihin da ke ƙarƙashin yashi

Sunan gandun ya samo asali ne daga tsibirin Arguin da ke arewacinsa. Turawan Fotugal sun iso tsibirin a shekarun 1440, suka kafa sansanin ciniki da ake lissafawa cikin na farko da Turawa suka gina a gaɓar Afirka ta Yamma. Ta nan aka riƙa fitar da zinare da ƙaro da kuma bayi zuwa Turai. Daga baya Holan da Faransa da wasu suka yi ta karɓe tsibirin daga hannun juna.

Rashin zurfin ruwan da ya amfani tsuntsaye ya halaka jirage. A watan Yulin 1816 jirgin ruwan Faransa mai suna Méduse, wanda ke kan hanyar zuwa Saint-Louis ta Sanagal, ya kafe a yashin wannan yanki. Aka ɗora mutum kusan 150 a kan wani dandamalin katako da aka haɗa cikin gaggawa. Bayan kwana 13 a teku, mutum 15 kawai aka samu da rai. Zanen da Théodore Géricault ya yi kan wannan bala'i yana rataye a gidan tarihi na Louvre da ke Paris.

Matsin da ke tahowa daga waje

Iyakar gandu a takarda take, ruwa da kifi ba su san ta ba. Daga wajen iyakar, manyan jiragen kamun kifi na ƙasashen waje da dubban kwale-kwale masu inji suna aiki dare da rana, kuma masu gadin gandun kan kama waɗanda suka kutso ciki.

Tun daga wajen 2010 masana'antun da ke niƙa kifi su mayar da shi gari da mai suka yawaita a Nuwadibu. Ana fitar da garin waje domin ciyar da kifin gona da dabbobi. Sai an niƙa kilo huɗu zuwa biyar na ɗanyen kifi kafin a samu kilo ɗaya na gari, kuma ƙananan kifayen da ake niƙawa su ne abincin talakawan yankin, su ne kuma abincin tsuntsaye da dolfin.

Ta gabas kuma akwai titin Nuwakshot zuwa Nuwadibu, mai tsawon kusan kilomita 470, da sabon garin Chami da aka kafa a gefensa, dab da iyakar gandun. Bayan rububin haƙar zinare da ya ɓarke a ƙasar a 2016, Chami ya zama cibiyar niƙa dutse da wanke zinare, aikin da ake amfani da sinadarin makuri a cikinsa. Masana muhalli na nuna damuwa cewa iska da ƙura za su iya kai gubar cikin teku.

Akwai kuma harkar mai da iskar gas a cikin teku, da manyan jiragen dakon kaya da ke wucewa daura da gaɓar. A wuri mai laka da ciyawa irin wannan, malalar mai sau ɗaya za ta iya ɗaukar shekaru ba a gama share ta ba. Ga kuma ƙaruwar tsayin teku, wadda ke barazana ga ƙananan tsibiran da tsuntsaye ke ƙwai a kansu.

Domin samar da kuɗin gadi mai ɗorewa, an kafa wani asusu mai suna BACoMaB a 2009, wanda ake juya jarinsa ana kashe ribar kan kula da gandun da sauran wuraren da ake karewa a gaɓar ƙasar.

Darasi ga Haɗejiya da Nguru

Wannan labari bai yi nisa da mu ba kamar yadda taswira ke nunawa. Bahaushe ya daɗe da sanin tsuntsu mai ƙaura: zuwan shamuwa alama ce ta ƙaratowar damina. Ita shamuwa a cikin Afirka take kai-komonta, amma a dausayin Haɗejiya da Nguru, tsakanin Jigawa da Yobe, akwai agwagin ruwa da tsuntsayen bakin ruwa da ke tsallako Sahara daga Turai da Rasha duk shekara, su yi sanyi a nan, su koma wajen Maris da Afrilu. A Dagona da ke Yobe akwai wurin da aka keɓe dominsu.

Hanyarsu daban ce da ta tsuntsayen Muritaniya, amma buƙatarsu ɗaya ce: zangon da za su ƙoshi kafin doguwar tafiya. A wajenmu matsalar ita ce raguwar ambaliyar da ke cika fadamun tun bayan gina madatsun Tiga da Challawa, da kuma ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa. Manomi da masunci da makiyayi su ne suka fara jin wannan a jikinsu, kafin tsuntsu.

Ga mai niyyar zuwa

Daga Disamba zuwa farkon Maris ne lokaci mafi dacewa: tsuntsaye sun cika, zafi bai sauko ba. Dare kan yi sanyi kuma iska na da ƙarfi, don haka rigar sanyi da rawani ko mayafin kare ƙura suna da amfani.

Muritaniya ta fice daga ƙungiyar ECOWAS tun 2000, saboda haka matafiyi ya tabbatar da sharuɗɗan biza kafin ya tashi. Ana shiga gandun ne da izini da kuɗin shiga, cikin mota mai ƙarfin ratsa yashi, tare da ɗan jagora da ya san hanya. Masauki galibi tantuna ne da mutanen ƙauyukan ke kula da su, kuma dole a taho da isasshen ruwan sha.

Zuwa kusa da tsibiran sai da jirgin Imragen, kuma lokacin tashi da dawowa teku ne ke yanke shi. An hana sauka a tsibiran da tsuntsaye ke ƙwai. Madubin hangen nesa ya fi kyamarar waya amfani a nan.

Ƙa'ida mafi muhimmanci ita ce kada a tayar da garken da ya sauka. Wasu kan matsa kusa ko su yi tafi domin su samu hoton tsuntsaye a sama. Kowane tashin banza yana ƙona kitsen da tsuntsuwar ta yi kwanaki tana tarawa, kuma da wannan kitsen ne za ta ƙetare fiye da kilomita 4,000 a ƙarshen Afrilu. Mai kallo ya zauna nesa tun kafin ruwa ya ciko, ya yi shiru, ruwan da kansa zai kawo masa su.